Darasi na 9: Mayar da kan inji da saita bawul

A fadamar Argungu, idan an dasa shinkafar rani, kwana uku ba ruwa sai shuka ta fara yaushi. A irin wannan lokaci ne kuma gaban rumfar bakanike ke cika da injinan ban ruwa, kowa na cewa nasa za a fara dubawa. Shi ya sa muke koyon abin da manomi zai iya yi da hannunsa a gida.

A darasin da ya wuce mun kwance kan inji, wanda makanikai ke ce wa top, mun kankare baƙin da ya daskare a ciki. Yau za mu mayar da shi, mu saita bawul. Injin da muke misali da shi tsohon samfurin Honda GX160 ne. Yawancin injinan da ake sayarwa a kasuwannin Birnin Kebbi da Jega ƙirarsa suka kwaikwaya, ko da sunan da ke jikin tankin daban ne.

Kayan aiki

Ba su da yawa: sifana lamba 10, lamba 12 da lamba 14, sifanar fulogi, tsumma mai tsabta, sabon gasket (shimfiɗar da ake sawa tsakanin kan inji da jikinsa), da faranti na zuba notuna. Sifana mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki, don tana kama noti ta kowane gefe. Filaya kuwa, ka bar ta a jaka. Cinye kan noti take yi, gobe ka rasa abin da zai kama shi.

Abu ɗaya ne ba shi da madadi, shi ne fila geji. Wasu siraran ƙarafa ne da aka haɗa wuri ɗaya kamar wuƙar aljihu, kowane da lambarsa a jiki. Lambar tana faɗin kaurinsa da milimita. Nan ne karatunmu zai yi mana rana. Buɗe naka ka nemo waɗannan biyu:

0.15, ana karanta shi sifili, ɗigo, ɗaya, biyar.
0.20, ana karanta shi sifili, ɗigo, biyu, sifili.

Ka kula, 0.20 daban, 0.02 daban. Lambobin iri ɗaya ne, mazauninsu ne ya canja, kuma na farkon ya ninka na biyun sau goma a kauri. Idan ka ga .006 ko .008 a jikin ƙarfen, wannan awon inci ne: .006 shi ne abokin 0.15, .008 kuma abokin 0.20.

Za ka ga masu sa reza a maimakon geji. Kaurin reza wajen 0.10 ne, bai kai ko ɗaya daga cikin awon da muke nema ba. Wasu kuma da kunne suke saitawa, sai su yi ta ɗaurewa har ƙarar ta ɗauke. Injin da ya yi tsit ɗin nan shi ne ke ƙona bawul.

Me ya sa ake barin rata?

Bawul biyu ne a injin. Ɗaya yana ɓangaren kafireto, shi ke buɗe wa mai da iska su shiga. Ɗayan yana ɓangaren salansa, ta nan hayaƙi ke fita. Ƙarfe idan ya yi zafi yana ƙara tsawo. Saboda haka ake barin 'yar rata tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi, wanda ake kira roka. Na salansa ya fi shan wuta, shi ya sa ratarsa ta fi faɗi: 0.20. Na kafireto 0.15.

Idan ratar ta yi kaɗan, bawul ba ya rufewa ruf idan ya ɗau zafi. Wuta ta riƙa bi ta gefensa tana cin bakinsa, inji ya rasa ƙarfi, ruwa ya riƙa fitowa a tiyo kamar na buta. Idan ta yi yawa, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas a saman inji, igiyar tayarwa kuma ta yi tauri, wani lokaci ta fizge hannunka.

Kafin ka ɗora kan inji

Ka kwantar da shi, ka zuba kananzir kaɗan a ramin da hayaƙi ke bi, ka jira. Haka ma ɗaya ramin. Idan kananzir ya tsattsafo ta gefen bawul, bai zauna daidai ba, sai an goge mazauninsa da man gurza bawul, a kuma wanke man tas.

Tsohon gasket ba ya komawa. Sa sabo, ka ɗora kan, ka sa notuna huɗu da yatsu tukuna. Ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Jikin injin sanholo ne, idan ka hau sifana da ƙarfin noma zaren zai zame. Mai sifanar awon ƙarfi ya sa ta a 24 a awon Nm. Sannan ka zura sandunan nan biyu masu tura roka, ka tabbata gindin kowace ya faɗa gurbinsa.

Saitawa

Inji ya zama ya huce sarai. Da safe kafin a tayar da shi ya fi.

Cire fulogi. Toshe ramin da babban yatsa, ka ja igiya a hankali har ka ji iska na turo yatsanka. Sai ka zura tsinke mai tsabta, ka ci gaba da juyawa har fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ya kai ƙololuwa. A nan bawul biyun a rufe suke, roka biyun kuma suna ɗan motsi idan ka taɓa su.

Wannan maganar iska ba ƙari ba ce. A kowane zagayen aikin inji fistin yana hawa sama sau biyu, sau ɗaya ne kawai ya dace, wato wanda iska ke turo yatsa. Ranar da na fara wannan aiki a injin yayana, na ga fistin a sama na hau saiti. Da muka tayar, ƙara kamar ana sussukar gero. Ya dube ni ya ce, "Ƙane, gyara ka yi ko ɓarna?" Sai da muka jira ya huce na sake daga farko, rana ta riga ta take.

To, riƙe babban notin da ke kan roka da lamba 14, ka sassauta ƙaramin da ke samansa da lamba 10. Zura 0.15 tsakanin roka da kan bawul na kafireto. Juya babban notin har gejin ya riƙa shiga yana fita da ɗan kamu, kamar wuƙa a kubenta. Riƙe shi kada ya motsa, ka ɗaure ƙaramin. Sake aunawa, don ɗaure ƙaramin yakan gusar da saitin. Kada ka ji haushi in sai ka yi sau uku. Haka za ka yi wa na salansa da 0.20.

Mayar da murfi da fulogi, duba baƙin mai, ka tayar. Kamfanin Honda ya ce a duba wannan rata duk shekara ko bayan awa 300 na aiki. Mai ba da ruwa awa biyar kullum zai cika wannan a wata biyu.

Aikin gida

Rubuta 0.15 da 0.20 sau biyar-biyar a littafinka, ka rubuta sunan bawul ɗin kowane a gefensa. Mako mai zuwa wanda ke da fila geji ya zo da shi, za mu auna kaurin takarda da na reza a aji.