Yadda ake farfaɗo da dokin da yunwa ta rame

Dokin da aka karɓo daga hannun wanda ya kasa riƙe shi, haƙarƙari a waje, ƙugu ya tsaya cirko-cirko, abin da ya fi kashe shi a makon farko shi ne kwanon dawa ko geron da aka tura masa don tausayi. Jikin da ya daɗe ba abinci ya riga ya cinye kitsensa, ya koma cin tsokarsa. Da hatsi ya shiga, sukari ya hau a jini, sai insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don sauke sukari, ya taso ya kwashe sinadaran fosfaros, fotashiyam da magnesiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Zuciya da huhu su rasa abin aiki. Yawanci tsakanin kwana na 3 da na 5 ake gani: dokin da jiya yake ci da kyau, yau yana rawar jiki, yana haki, ya kwanta ya kasa tashi.

Kafin komai, a keɓe shi. Turke dabam, bokiti dabam, nesa da sauran dawakin barga har sati uku. A kira likitan dabbobi a ranar farko, domin rama ba kullum yunwa ce kaɗai ba. Haƙoran da suka yi kaifi suna yankar kumatu, tsutsar ciki, da cutar jini da kaska ke kawowa duk suna ramar da doki ko da abinci a gabansa. Lafiyayyen doki zafin jikinsa digiri 37.5 zuwa 38.5 ne a ma'aunin Celsius, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. A riƙa aunawa safe da yamma ana rubutawa. A ɗaga leɓe a duba dasashi: ja-ja mai laima ake so, ba fari fat ba.

Sai nauyi. Da tef ɗin tela, a auna zagayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, a auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen gindi, duka da santimita. A ninka zagayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Zagaye 150 da tsawo 140 zai ba da kilo 265. Ba daidai-wa-daida ba ne, amma ya isa a gane ko ana ci gaba.

Tsarin ciyarwar da masu ceton dawaki suka fi bi ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Dabis a Amurka, kuma da ciyawar alfalfa aka gwada shi, saboda tana da furotin da ma'adinai, sitacinta kaɗan. A wajenmu abin da ya fi kusa da ita shi ne harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye. A kakkaɓe ƙasar da ke jikinta, don yashi na taruwa a hanji ya kawo ciwon ciki. Wadda ta yi fumfuna ko take warin ruɓa, a zubar.

Kwana uku na farko, babban doki mai girman kilo 450 yana samun kusan rabin kilo na harawa duk awa huɗu, wato sau shida, har da tsakar dare. Dawakinmu galibi ba su kai wannan girman ba, don haka giram 300 zuwa 350 ya isa. A sa a sikeli, domin idon mai tausayi ƙari yake yi. Daga kwana na 4 ana ƙara yawan harawar ana rage sau nawa ake ba shi, yadda zuwa kwana na 6 babban dokin zai kai kusan kilo 2 duk awa takwas, a tsaya a nan har kwana na 10. Bayan haka a bar shi ya ci harawa iyakar cikinsa, a ajiye masa gishiri ya lasa. Dawa, gero, masara da dusa su jira sai an share makonni, jiki ya fara cikowa, sannan a fara da tafin hannu guda. Kanwa ma a dakata da ita, tana iya sa zawo ga hanjin da bai yi ƙwari ba.

Ruwa mai tsabta ya zauna a gabansa. Idan ya zo da ƙishi mai tsanani, a ba shi lita biyu-biyu duk rabin awa har ya daina wawura.

Maganin tsutsa ba na ranar farko ba ne. Tsutsa mai yawa in ta mutu lokaci guda tana iya toshe hanji, don haka likita ne zai sa rana da awo. A yi masa allurar rigakafin tetanus, cutar da ke shiga ta miki ta sandarar da jiki, musamman in akwai miki a baya ko inda dabaibayi ya ci. A shimfiɗa masa tattaka mai kauri, don ƙashin da ba tsoka saurin gyambo yake yi. In ya kwanta ya kasa tashi, a riƙa juya shi duk awa biyu zuwa uku, a kuma kira likita nan take.

Irin wannan dokin sau da yawa ya sha bulala. A zo masa ta gefen kafaɗa, ana magana a hankali, a taɓa wuya kafin fuska, in ya kau da kai a ja baya taku ɗaya a jira. Asalwayi mai laushi ya wadatar. Cikowa sosai kan ɗauki wata uku zuwa biyar, kuma ba a ɗora sirdi sai tsoka ta rufe ƙashin baya, ko da hawan salla ya matso.