Yadda za a yi zayyanar allo a gida tare da yara

A gidajen Hausawa da yawa na Mai Wurno da Gadarif da Wad Madani a ƙasar Sudan, wanda ya dubi bangon ɗakin baƙi a yau zai tarar da kalandar kamfani, ko ayar da inji ya buga a kan roba aka shigo da ita daga ƙetare. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar, ba su iso da dukiya ba, amma sun iso da allo da alƙalami, kuma allon da aka yi wa zayyana ranar saukar yaro shi ne adon da gida ya fi tinƙaho da shi. A halwa, wato makarantar allo ta Sudan, maƙwabtanmu suna kiran wannan ado sharafa. A ganina babu aikin hannun da ya fi shi sauƙin dawowa tsakar gida, domin kayansa suna cikin madafa da kasuwar unguwa, kuma ko iyalin da yaƙi ya raba da muhallinsu tun daga 2023 za su iya yin sa a ɗaki guda.

Da tawada ake farawa, kuma a nan ya kamata a fi natsuwa, domin tawadar da ba ta haɗu ba takan ɓata aikin yini guda. A samo ƙaron dakwara, wanda ake kira hashab a nan, wanda kuma babu ƙasar da ta kai Sudan fitar da shi. A jiƙa dunƙule biyu ko uku masu girman dabino a rabin kofin shayi na ruwa, a bar shi ya kwana, da safe a tace da ƙyalle mai tsabta. Sai a kankaro baƙin tukunyar da ake ɗorawa a kan itace, a niƙe shi har ya yi laushi kamar kwalli, a riƙa zuba ruwan ƙaron kaɗan-kaɗan ana damawa. Gwajinta shi ne a ja layi a takarda a bari ya bushe. Idan baƙin ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. Idan layin ya yi ƙyalli yana tsattsagewa, ƙaron ya yi yawa, sai a ƙara ruwa da baƙi. Wannan aiki na kaka ne da jikokinta, kuma yara suna son sa ƙwarai saboda an halatta musu ɓata hannu.

Sauran launuka ma da ruwan ƙaron ake haɗa su: gangamau, wato kurkum, don rawaya, bular wanki don shuɗi, jar ƙasa da aka tankaɗe don ja. Ruwan karkade yana da kyau a rana ta farko, sai dai yana koɗewa da wuri. Zarnikin da wasu malamai suke yin rawaya da shi a zamanin da guba ne, saboda haka kada ya shiga gidan da ke da yara.

Alƙalami kuwa busasshen karan dawa siriri ya isa. Maigida ko kawu ne zai fiƙe shi da reza, ya ɗan tsaga bakinsa domin ya riƙe tawada, kuma a tanadi alƙalami dabam ga kowane launi. Allon a wanke shi, a shafe fuskarsa da farar ƙasa, a bar shi ya bushe a inuwa.

Kuskuren da manya suka fi yi shi ne su karɓe alƙalami daga hannun yaro da zarar layinsa ya karkace. Abin da ya dace shi ne babba ya ja iyaka kawai: layi biyu a kewayen allon, da fili a tsakiya inda rubutu zai zauna, sannan ya raba tsakanin layukan gida-gida da fensir. Cika gidajen na yara ne. Ƙarami ya yi ɗigo da layukan gicciye, wanda ya fi shi wayo ya yi kusurwa uku yana sauya launi, babbar ya kuma ta gwada dagi, wanda zarensa ke shiga yana fita ba a ganin farkonsa. Idan an rasa samfuri, a dubi faifan da ake rufe abinci da shi, ko hular maigida, ko lallen hannun gwaggo. Ana cika launi mai haske tukuna, baƙi ya zo daga baya ya kewaye shi, domin idan aka juya tsarin baƙin zai narke ya shiga rawaya.

Kada iyaye su ɗauki wannan a matsayin wasan da za a bari idan an girma. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, kuma bayan ya yi karatun zane a Landan, ga harafin Larabci da adon gida ya komo ya gina fasaharsa, har gidan baje kolin zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya baje ayyukan rayuwarsa a 2013.

Rubutun tsakiya shi ne na ƙarshe, kuma wanda ya fi kowa kyan hannu a gidan ne zai yi shi. Idan aya ce, a rataye allon a sama da kai, nesa da hayaƙin murhu da inda ake ajiye takalma, a rubuta sunan yaron da shekarar a bayansa. Idan kuwa allon gwaji ne da za a sake amfani da shi, a wanke shi a cikin ƙwarya, a zuba ruwan a gindin itace inda ƙafa ba ta takawa, a sake shafa farar ƙasa domin Juma'a mai zuwa.