Ɗinkin hula bayan ritaya

Idan ka ajiye alli kamar yadda na yi a nan Ringim, kada ka taɓa kuɗin giratuti tukuna. Nemi mai ɗinkin hula a unguwarku, ko da sa'an ɗanka ne, ka zauna gefensa. Fara da ƙyalle ɗaya, allura, zare kala biyu da zane mai sauƙi.

Yi ɗinkinka da hantsi a gindin darbejiya, idon dattijo ba ya son fitila. Kada ka ja zare da ƙarfi, ƙyallen zai tattare, kuma warwara ta fi ɗinki cin rai.

Hular farko ka kai wa mai wanki ya buge ta, ka sa ranar Juma'a. Sai mutane sun fara tambayar wa ya ɗinka, sannan ka yi maganar kai kaya Kasuwar Kurmi.