Yadda ake haɗa cip na na'urar gano ƙwayoyin zarra a kuma gwada shi da radiyeshin

Toh kafin ka zana ko layi ɗaya, ka fara sanin inda cip ɗin naka zai zauna. A injin LHC na CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, ƙwayoyin furoton na karo da juna duk bayan nanosakan 25, wato sau miliyan 40 a daƙiƙa ɗaya, shi kuma cip yana manne da sensa ta silikon santimita kaɗan daga wurin karon, aikinsa ya ɗauki ɗan siginal ɗin da ƙwaya ta bari in ta wuce, ya ƙara masa ƙarfi, ya maida shi lamba ya tura waje. In aka rufe injin kuwa shikenan, sai yayi shekaru babu mai taɓa shi. Ƙungiyar RD53 da aka kafa a 2013 don ATLAS da CMS, manyan na'urorin gano ƙwayoyi biyu na LHC, ta ɗauki fasahar ƙera tiransisto ta nanomita 65, fiksel (kowane ɗan gida mai ɗaukar siginal) maikuromita 50 sau 50, aka ce cip ɗin ya jure megarad 500, wato rad miliyan 500 a ma'aunin radiyeshin. Rad 500 kacal na iya kashe mutum, kaga ninki miliyan kenan.

Ɓarnar radiyeshin a cip iri biyu ce kuma kowacce da maganinta. Akwai mai taruwa a hankali, caji ya maƙale a cikin oksayid ɗin da ke kewaye da tiransisto, wasu su fara yoyon wuta wasu su yi sanyin aiki. Maganin tun a zane yake, kar ka yi amfani da tiransisto mafi ƙanƙanta da masana'anta ta bada, siririn shi yafi saurin lalacewa, ka bar sarari a lissafin gudun agogonka don cip zai rage sauri in ya sha radiyeshin. Ta biyun kuma farat ɗaya take zuwa, ƙwaya guda ta bugi ma'ajiya ta juya 0 ya koma 1. Anan sai ka ninka muhimman rijista, wato ƙananan ma'ajiyoyin cip, sau uku ka sa mai duba rinjaye, biyu suka yarda sai a bi su. Amma don Allah ka raba ukun nesa da juna a kan silikon, in ka jera su wuri ɗaya ƙwaya guda zata juya biyu lokaci ɗaya, wahalar ta tashi a banza. Ka kuma duba bayan manhajar haɗa zane ta gama, don takan ga ukun abu ɗaya ne ta goge biyu.

Kar ka fara da babban cip. Ka tura ƙaramin na gwaji tukuna, tiransisto zalla masu girma daban-daban da 'yan osileta (da'ira mai bugawa kamar agogo) a ciki, su zasu nuna maka yadda gudu ke raguwa.

Yanzu gwajin kansa, wanda nan ne nafi damuwa. Ɓarna mai taruwa ana gwada ta da injin eksire ko hasken gama na sinadarin kobal-60. Ka auna komai kafin ka kunna injin, wutar da cip ke ja, hayaniyar kowane fiksel, iyakar da yake fara ganin siginal. Sannan cip ya kasance a kunne yana aiki lokacin da ake haska shi, a sanyin da zai zauna a cikin injin, ƙasa da sifili, don cip a kashe ba ya lalacewa kamar na kunne, sai ya baka sakamako mai daɗi na ƙarya. Ka riƙa tsayawa kana auna shi mataki-mataki, musamman a farko-farko. Abinda ya faru da ATLAS a 2015 ya isa darasi, cip ɗinsu mai suna FE-I4 na layin sensa mafi kusa da wurin karo ya fara jan wuta fiye da yadda aka zata a wajen megarad 1 zuwa 2 kawai, can gaba kuma ta sauka da kanta. Wanda ya auna farko da ƙarshe kaɗai bazai taɓa ganin wannan tudun ba, alhali shi ne zai iya fin ƙarfin na'urar bada wuta da ta sanyaya.

Sai maganar gaggawa. A ɗakin gwaji cikin kwanaki zaka zuba abinda cip zai sha a shekaru, kuma an gano a nanomita 65 cewa radiyeshin mai shiga sannu a hankali yafi ɓarna, don haka ka ware cip ɗaya ko biyu ka barsu watanni a ƙarƙashin mai rauni, ka kwatanta. Bayan hasken kar ka tattara kaya, ka bar shi awa 24 a zafin ɗaki ka auna, sannan mako guda a digiri 100 na Salshiyos yana kunne ka sake aunawa, wasu tiransiston suna warkewa wasu ƙara lalacewa suke.

Juyawar bit kuwa, wato 0 ya koma 1 ɗin nan, eksire bazai nuna maka ita ba, sai ka nemi lokaci a injin ayon masu nauyi irin na Louvain-la-Neuve a Beljiyam, ko na furoton. Ka rubuta tsarin da ka sani a rijista, ka haska, ka karanta ka ƙirga nawa suka juya, ka raba da yawan ƙwayoyin da suka ratsa kowane santimita murabba'i. Ka sa abinda zai yanke wuta nan take in ta hau da yawa, kuma ka tafi da cip fiye da ɗaya.