Yadda Ake Ƙirƙirar Bikin Dare Mafi Tsawo a Duniyar Wasan Almara

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Jos, sai in ga sababbin masu jan ragamar wasan almara irin Dungeons & Dragons (wasan da ake zama a tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran suna taka rawar jaruman cikinsa) sun cusa bikin sanyi cikin labarinsu, amma abin da suke kawowa bai wuce ƙanƙara da bishiyar ado da suka tsinto a intanet ba.

Ka fara da tsayar da inda masarautarka take. A arewacin duniyarmu, dare mafi tsawo yana faɗowa ranar 21 ko 22 ga Disamba, saboda duniya a karkace take da kusan digiri 23 da rabi, a kudanci kuwa sai Yuni, shi ya sa a wannan watan ake bikin girmama rana mai suna Inti Raymi a ƙasar Peru. A gari irin Jos tazarar dare da yini kaɗan ce, don haka idan ƙasarka irin tamu ce, ka gina bikin a kan hazo da iska da rumbun da aka cika bayan kaka.

Daga nan sai ka kafa hani guda ɗaya, kuma a nan ne na taɓa shan kunya. Na kwana ina rubuta tarihin gumakan masarautata har shafi uku, ina tsakiyar karantawa sai na ɗaga kai na tarar kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Da na sake shiri, doka ɗaya kawai na ba su: a daren bikin ana kashe kowace wuta a gari sai ta gidan tsafi, kuma da asuba wata tsohuwa take zagayawa da kasko tana raba garwashi gida-gida. Sai na sa ayarin 'yan wasan ya iso da magariba ɗauke da abokinsu da ya ji rauni, haƙoransa suna kaɗawa don sanyi. Gardamar ko a hura masa wuta ko a bari ta cinye mana zaman gaba ɗaya, har ɗan lido mai fuska 20, wanda ake jefawa don yanke hukunci a wasan, ya raba ta. Hanin da ba zai takura ɗan wasa ba, kada ka ɓata tawada a kansa.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne aron ibadar Musulunci ko ta Kirista a liƙa wa gumakan ƙage, domin teburinmu a garin nan ya haɗa kowa. Al'adar ci da sha kuwa ka ara yadda kake so: mutanen Iran rumman da kankana suke ci a daren Yalda, wato darensu mafi tsawo, ni gwaten acha na ba mutanena. Don tsara duk wannan ba sai ka sayi littafin wasa da ake sayarwa da dalar Amurka ba, littafin rubutu na 'yan makaranta ya wadatar.

Sai ka raɗa wa bikin gajeren suna da baki zai iya furtawa, ka sa masa rana a kalandarka, kuma ka sa 'yan kasuwar labarin su fara ƙorafin tsadar gawayi tun saura zama biyu a kai ga daren.