Yadda za ka sa iska ta yi wa motar tserenka aiki

Da an ce gyaran iska sai mutane su ruga su sayo ƙaton fiffike su kafa a bayan mota, alhali shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka taɓa. Abin da ake nema dai iska ta danne motar ƙasa tayoyi su kama kwalta sosai a kwana, kuma in gudu ya ninku sau 2 dannawar ninkuwa take sau 4, shi ya sa a filin da ba a sakin totur sosai kusan asarar kuɗi ce kawai.

Fara da ƙarƙashin motar. Rufe cikinta da faranti mai santsi, a baya ka sa difiyuza, wannan da ke ɗagowa sama a hankali tana zuƙo iskar da ke ƙarƙashin motar tana fitar da ita waje, sai motar ta manne da ƙasa ba tare da an ci maka gudu sosai ba. Nan fa riba take, da aikin ƙarƙashi motar Lotus 79 ta ba direba Mario Andretti kambun gasar tseren Formula 1 a 1978, a 2009 ma difiyuza mai hawa biyu ta taimaki ƙungiyar Brawn har direbanta Jenson Button ya cinye 6 cikin tsere 7 na farko.

Sai faranti ƙarƙashin bamba ta gaba, sannan fiffiken baya, kuma don Allah a jikin shasi za ka ɗaure shi, murfin but lanƙwashewa zai yi. Su biyun tare suke tafiya. In bayan ya fi ƙarfi za ka murɗa sitiyari gaban motar ya ƙi shiga kwana, in gaban ne ya rinjaya bayan ya dinga wutsiya, wannan kam ya fi haɗari. Ƙara wa sifirin tauri ma, in ba haka ba cikin motar zai riƙa gugar kwalta.

Gwaji ba sai ka kashe kuɗi ba, manna guntayen zaren ulu da salatif a jikin fiffiken ka saita kyamara, inda zaren ya kwanta lafiya lau, inda yake ta rawa iska ta rabu da wurin, rage kusurwar. Abu ɗaya za ka canja kowane fita, ka duba agogo. Kuma duba filin, a filin Monako mai yawan kwana ana ɗaga fiffike sosai, a filin Monza na Italiya ana kwantar da shi saboda dogayen miƙaƙƙun hanyoyi. Kafin ka huda komai karanta dokar ajin da kake tsere, wasu ajin sun hana difiyuza gaba ɗaya.