Yadda Ake Sauya Tsofaffin Tagogi Don Rage Kuɗin Ɗumama Gida A Ingila

Yawancin 'yan uwanmu da suka sayi gida a Landan ko Manchester ko Birmingham, tsohon gini suka saya, kuma lokacin sanyi na farko ne ke nuna musu yawan kuɗin gas da ke fita ta taga. Sauya tagogi yana maganin wannan, amma aiki ne mai tsada wanda sai an bi shi daki-daki kafin a ga amfaninsa.

Da farko a binciki tagar da ake da ita. A ranar da ake iska, a kunna turaren tsinke a bi gefen firam da shi. Duk inda hayaƙin ya karkata, nan ne sanyi ke shigowa. A soka sukudireba a katakon ƙasan tagar, in ya nutse to ya ruɓe. Idan tagar mai gilashi biyu ce kuma ana ganin raɓa a tsakaninsu, liƙin ya lalace, sai dai sau da yawa gilashin kaɗai ake sauyawa a bar firam ɗin. A nan zan ba da shawara: wanda bai shimfiɗa abin tare zafi a cikin silin ba, wanda kaurin da ake so ya kai milimita 270, ya fara da shi, domin ya fi taga araha nesa ba kusa ba.

Bayan haka sai batun izini. Ɗan haya ba shi da hurumin taɓa taga sai da yardar mai gida, haka ma wanda ya sayi ɓangare a cikin bene yakan buƙaci amincewar mai ginin. Gidan da aka sa cikin jerin gine-ginen tarihi kuwa sai ƙaramar hukuma ta yarda, kuma galibi abin da ya fi sauƙi shi ne a ƙara wani gilashi daga ciki a bar tsohuwar tagar yadda take.

Wajen zaɓe, lamba ɗaya ce ya kamata mai saye ya riƙe, wato ma'aunin U, wanda ke nuna yawan zafin da ke ratsa taga. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Tsohuwar taga mai gilashi ɗaya tana kaiwa wajen 5, mai gilashi biyu ta zamani tana tsakanin 1.2 da 1.4, mai uku kuma tana sauka zuwa wajen 0.8. Tun watan Yunin 2022 dokar gini a Ingila ta ce sabuwar tagar da za a sa kada ta wuce 1.4, ko kuma ta kai matakin B a ma'aunin ingancin tagogi. Bayan yawan gilasai, abin da ke kawo wannan bambanci tsakanin tagogin shi ne iskar argon da ake ɗurawa tsakanin gilasai, da wani siririn shafi da ke mayar da ɗumi cikin ɗaki. Lallai a tambayi mai sayarwa ko lambar da ya faɗa ta tagar ce gaba ɗaya har da firam, domin wasu ta tsakiyar gilashi kawai suke ambata don ta fi daɗin ji. Firam ɗin roba na uPVC ya fi araha, na katako yana daɗewa idan ana masa fenti, na alminiyum kuma sai an tabbatar yana da abin da ya raba ƙarfen ciki da na waje.

Sai a nemi farashi a rubuce daga kamfani uku, a zaɓi wanda ke da rajista da FENSA ko Certass, wato ƙungiyoyin da ke tantance masu kafa tagogi kuma suke ba da takardar shaidar aiki. Tun 2002 sauya taga ya shiga ƙarƙashin dokar gini, kuma lauyan mai saye zai nemi takardar shaidar aikin ranar da za a sayar da gidan.

Ranar aiki ita ce ta fi muhimmanci, saboda taga mai tsada da aka kafa da ganganci ba ta hana sanyi shiga. A tsaya a ga cewa an daidaita ta da ma'aunin ruwa, an ɗaure ta da bango, an cike ratar da ke kewaye da kumfa, sannan an liƙe ta ciki da waje kafin a rufe gefen da sandunan ado. Gilashin da bai kai milimita 800 daga daɓe ba dole ya zama mai ƙarfi wanda ba ya yanka idan ya fashe, kuma tagar ɗakin kwana na sama ta buɗu sosai yadda mutum zai fita idan gobara ta tashi.

Kada a toshe 'yan ƙananan kafofin iska da ke saman firam. Gidan da ake yawan girki da shanya a ciki yana tara danshi, kuma da zarar sababbin tagogi sun rufe ko'ina, fumfuna ce za ta bi bango idan iska ba ta zagayawa. A bar su a buɗe, a kuma riƙa kunna fankar kicin da ta banɗaki ko da ana tsananin sanyi.